Tukunyar Ba Ta Fashe Ba: Nazarin Gobarar Gas a Wani Gidan Haya a Gombe

Duk lokacin da gobarar gas ta tashi a unguwa, kafin azahar labari ya gama gari cewa tukunyar gas ta fashe a gidan wane. Amma in aka shiga kicin ɗin bayan wuta ta mutu, sau da yawa za a tarar da tukunyar tana nan tsaye, ta yi baƙi da hayaƙi, da sauran gas a cikinta. Abin da ya yi bindiga iskar gas ɗin da ta taru a ɗakin ce. Lamarin da ke tafe an haɗa shi ne daga abubuwan da ke yawan maimaituwa a irin wannan gobara, aka ɗora su a kan gida guda a cikin garin Gombe domin a bi su daki-daki.

Gidan da kicin ɗin

Gidan haya ne mai sassa huɗu, tsakar gida ɗaya. Sashen da abin ya faru ciki da falo ne, da ɗan kicin a jikinsa, faɗin mita 2, tsawon mita 2.5, bisa mita 3. Taga ɗaya ce ƙarama can sama kusa da silin, kuma da hunturu ya kama aka toshe ta da kwali saboda ƙura. Ƙofar katako ce, tana rufuwa gam.

Murhun mai kai biyu ne na ɗorawa a kan kanta. Tukunyar mai kilo 12.5 ce, an tura ta ƙarƙashin kantar, daidai ƙasan murhun. A lungu guda akwai ƙaramar firiza da uwargida ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo da ita, soket ɗinta a jikin bango, bai fi kamu biyu daga ƙasa ba.

Watanni kafin nan tiyon asali ya tsage, maigida ya sayo wani a shagon kayan famfo, farar roba mai shara-shara irin ta jan ruwa. Bakin da ke jikin murhu an ɗaure shi da waya, na jikin regileta, wato na'urar da ake ɗaurawa a kan tukunyar gas don rage matsinsa, kuwa cusa shi kawai aka yi. Da yake ya yi tsawo, sai aka naɗe ragowar a bayan murhun, inda zafin gindin tukunyar girki ke dukansa kullum.

Daren da abin ya faru

Da la'asar aka kai tukunyar aka cika, ƙanin maigida ya dawo da ita a kan babur. Da ya zo ɗaura regileta sai ta ƙi zama daidai, tana ɗan huci. Ya cire, ya naɗa leda a wuyan bawul, wato bakin tukunyar da gas ke fitowa, ya danna da ƙarfi har hucin ya daina jiyuwa a kunne. Uwargida ta ce tana jin wari, aka ce ai sabon cikawa ne, haka yake yi. Ta soya awara, ta yi tuwon dare, ta kashe makunnan murhu biyu, ta bar kaskon mai a kai. Regileta aka bar ta a buɗe, kamar kullum. Wajen ƙarfe 9 aka ja ƙofa.

Bayan sallar asuba ta zo ɗora wa yara ruwan wanka. Tana fama da mura, duk da haka tana buɗe ƙofa wari ya buge ta. Ba ta ƙyasta ashana ba, ta san wannan. Sai ta ji firiza na gurnani, ta ce a ranta kada wutar lantarki ta haɗu da gas, ta sunkuya ta fizge filogin. A nan wuta ta tashi.

Harshen wuta ya share ƙasan kicin a ƙiftawar ido, ƙofa ta bugu da bango, silin ya zubo. Ƙafafunta da hannun dama suka ƙone, gefen hijabinta na roba ya narke ya manne a damtse. Bayan wannan bugun farko wuta ta ci gaba da feshi daga wuyan tukunyar, tana lasar ƙasan kanta, kwali da robobi suka kama, daga baya man kaskon ma ya kama. Wani maƙwabci ya sauke layin wutar gidan daga mita, ya jiƙa buhun algarara ya naɗe hannu, ya miƙa daga gefe ya juya hannun regileta. Feshin ya mutu nan take. Wani saurayi ya taho a guje da bokitin ruwa zai sheƙa a kasko, wata dattijuwa ta riƙe shi, ta kifa babban faranti a kai. Sauran abin da ke ci aka kashe da ruwa da yashi.

Abin da sikeli ya nuna

A jikin kowace tukunya an buga nauyinta ba gas. Ta gidan nan kilo 14.5 ce, ke nan in an cika ta daidai za ta yi kilo 27. Da aka ɗora ta a sikeli bayan gobarar, kilo 25.8 ta yi. Kilo 1.2 ne ya fita gaba ɗaya, a ciki har da na girkin dare da wanda ya ci da wuta. Wanda ya sulale cikin dare bai kai kilo guda ba, kuma shi ya yi wannan ɓarna.

Lissafin ba shi da wuya. Gas ɗin girki haɗin furofen da butan ne, a cikin tukunya ruwa ne saboda matsi, da ya fito sai ya zama iska. Lita 1 ta ruwansa tana ba da kimanin lita 250 na iska, kilo 1 kuma yana ba da tsakanin lita 400 zuwa 500 da ɗoriya, gwargwadon haɗin. Yana kamawa da wuta idan ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, har zuwa kusan kashi 10. Kicin ɗin nan yana ɗaukar lita 15,000 na iska, kashi 2 na wannan lita 300 ne, wato gram 600 zuwa 700 na gas.

Kuma ba sai ya cika ɗakin ba. Gas ya fi iska nauyi da ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka gangarawa yake yi kamar ruwa, ya kwanta a ƙasa, ya nemi rami da lungu da makwarari. In aka ɗauki rabin mita na ƙasan kicin ɗin kawai, gram 100 ya isa ya kai shi matakin kamawa. Kan murhu guda da aka bari a buɗe ba wuta yana fitar da fiye da haka cikin sa'a ɗaya. Shi ya sa tagar da ke can sama, ko da ba a toshe ta ba, amfaninta kaɗan ne a wannan matsala. Shi ya sa kuma mutum yana tsaye zai ji wari sama-sama, alhali daga gwiwarsa zuwa ƙasa abin ya kai intaha. Yaran da ke kwana a tabarma a falo, in gas ya bi ta ƙasan ƙofa, su ya fara iskewa.

Inda gas ya bi ya fita

Wurare biyu ne. Na farko, kuma mafi girma, wuyan tukunya. Tsakanin bawul da regileta akwai 'yar roba zagayayya, ita ce ke toshe mahaɗar. Ta tukunyar nan ta bushe ta tsage. Wannan mahaɗa ta bambanta da duk sauran, domin matsin cikin tukunya ne a kanta kai tsaye, daga bar 2 zuwa sama da bar 10 a ma'aunin matsi, ya danganta da haɗin gas da zafin gari. Aikin regileta ta sauko da shi zuwa kimanin miliba 30, wato bar 0.03, kafin ya shiga tiyo. Ke nan huda ɗaya a wuya tana zubar da abin da huda irinta a tiyo ba za ta zubar ba ko kusa. Leda ba ta toshe wannan matsi, sauti kawai take kashewa, kuma kashe sautin shi ne illarta, don ta ɗauke alamar da kunne zai kama. Robar kuɗinta bai taka kara ya karya ba, masu cika gas suna da ita, kuma a gaban mai tukunya ya kamata a duba ta duk cikawa. In an canza roba huci bai daina ba, bawul ɗin ne ko regiletar, sai a fitar da tukunyar fili a mai da ita wurin masu gas.

Na biyu tiyo. Robar ruwa ba a yi ta don gas ba. Gas yana tsotse sinadarin da ke sa ta laushi, sai ta ƙandare, zafi da bushewar hunturu su ƙarasa ta. Da aka lanƙwasa ragowar da ba ta ƙone ba, tsaga ce jere a jikinta, kuma wayar da aka ɗaure bakin da ita ta yanke shi rabi. Araha dai ba ta ado. Tiyon gas na gaske mai kauri ne, da zare a tsakiyar namansa, an buga LPG, wato gas ɗin girki, da shekarar ƙira a jikinsa. Tsawon mita 1 zuwa 1.5 ya wadatar, kada ya wuce 2. Kowane baki a ɗaure shi da kilif na ƙarfe mai noti, a matse har ya zauna, ba har ya ci roba ba. Kada ya bi ta bayan murhu ko ƙarƙashinsa, kada a yi masa gwama, kada a bar maiƙo a jikinsa don ɓera na bin ƙanshin. Ko bai nuna komai ba, kada ya haura shekara 5 daga ranar ƙira, kuma a yanayi irin na Gombe, inda zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40, gara a canza tun yana shekara 2 zuwa 3.

Akwai wani kuskure da ba a yi a gidan nan ba amma yana yawa: ɗaura wa murhun gida regileta mai babban matsi, irin ta manyan murhunan masu abincin sayarwa, wai don wuta ta yi ƙarfi. Tana iya tunkuɗe tiyo daga bakinsa, kuma makunnan murhun gida ba su jure ta.

Maganar cewa sabuwar cikawa takan yi wari ba ta da tushe. Gas shi kansa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya kama yoyo tun yana kaɗan. Ɗan warin da ke fita lokacin ɗaura regileta yakan baje cikin daƙiƙu. Wanda ya zauna, yoyo ne. Hanci kuma ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari: mura na dushe shi, kuma wanda ya daɗe cikin wari yakan daina jinsa.

Gwajin da ya kamata a yi da la'asar ɗin nan minti biyu ne. A kaɗa sabulu a ruwa har ya yi kumfa, a rufe makunnan murhu, a buɗe regileta, a shafa kumfar da soso a wuyan bawul, da bakin tiyo na regileta, da jikin tiyon duka, da bakin da ke jikin murhu. Inda kumfa ke kumbura tana tashi, nan ne. Ba a gwada yoyo da ashana ko laita, ko da an ga wani ya yi ya tsira.

Amma ko da duk waɗannan lahani, da an juya hannun regileta bayan tuwon dare, da babu abin da zai faru. A irin regiletar da ake dannawa a kan tukunya, rufe hannun yana sakin ƙusar bawul, tukunya ta rufe kanta daga ciki, robar wuya da tiyo duk su huta. Makunnin murhu ƙofar ƙarshe kawai yake rufewa, ya bar duk hanyar cike da gas har gari ya waye. Tsarin kashewa shi ne a fara rufe regileta wuta na ci, a bar abin da ke cikin tiyo ya ƙone, sannan a mai da makunni. Wajen kunnawa kuma ashana ce farko, a kai ta bakin murhu, sannan a murɗa. A ganinmu, cikin duk abin da ke cikin wannan nazari, wannan ɗabi'a ce ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce ba ta cin ko sisi.

Filogin

Niyyar uwargida daidai ce, aikin ne ya zo a karkace. Duk na'urar da ke jan wuta, in aka zare filoginta tana aiki, sai tartsatsi ya yi tsalle a cikin soket. Haka makunnin fitila, kunnawa ko kashewa. Gas da ya gauraya da iska daidai ba ya buƙatar fiye da wannan ɗan tartsatsi. Soket ɗin kuwa yana ƙasa, cikin inda gas ya fi kauri, ga ƙofar da ta buɗe ta shigo da iskar da ta gauraya shi. Ita kanta firizar haɗari ce a wurin, don injinta da abin da ke tayar da shi a ƙasa suke, kuma a garin da ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sanarwa, babu wanda ya san lokacin da za ta tashi.

Wanda ya buɗe kicin ya ji wari mai ƙarfi, kada ya taɓa komai na lantarki, abin da ke kunne a bar shi a kunne. Kada a kunna fanka don korar wari, kada a haska tocila ko waya a ciki. In hannu zai kai ga regileta ba tare da an daɗe ba, a rufe ta. A wangale ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a leƙa sauran sassa a ce kada wanda ya hura gawayi ko ya tayar da janareta ko babur a tsakar gida. Wutar lantarki daga mita ake yanke ta, in mitar tana waje nesa da warin. Sannan a jira har warin ya baje, a sunkuya a shinshina ƙasa-ƙasa kafin a koma.

Bayan wuta ta kama

Maƙwabcin nan ya yi abin da ya dace, kuma ya dace da lokaci. Wutar da ke feshi daga tukunya maganinta a datse gas ɗin. In aka kashe harshen aka bar gas na fita, an koma gidan jiya, ɗakin zai sake cika ya sake bugawa. Sai dai wannan dama ta mintunan farko ce. Idan wuta ta daɗe tana dukan jikin tukunya, ruwan ciki yana tafasa, matsi na hawa, ƙarfen saman da ba ruwa a bayansa yana laushi. A nan ne tukunya ke fashewa da gaske, ta yi jifa da ɓaraguzan ƙarfe. In fenti ya fara ƙuna, ko hucin ya koma ƙara mai tsini, ko hannu ba zai kai ba, a kwashe mutane a yi nisa a bayan katanga, a kira 'yan kwana-kwana. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kuma yana da kyau lambar ofishin kashe gobara mafi kusa ta kasance a rubuce a bangon zaure. Mai kira ya faɗi cewa akwai tukunyar gas a ciki, ya tura yaro bakin titi ya nuna lungu.

Dattijuwar da ta riƙe bokiti ita ma ta ceci fuskar saurayin. Man da ya kama wuta zafinsa ya haura digiri 300. Ruwa na shiga yake nutsewa ƙasa ya zama tururi nan take, lita 1 ta koma kimanin lita 1,700, ya watso man mai ci har silin. Murfin ƙarfe ko faranti ake turawa daga gefe a rufe, a kashe murhu, a bar shi rufe aƙalla rabin sa'a. Ba a ɗaukar kasko mai ci a fita da shi. Tun farko ma kada mai ya wuce sulusin kasko, in ya fara hayaƙi a kashe wuta, awara ko kifi a tsane su kafin a jefa.

Inda aka yi asara ita ce jinyar farko. Mata suka taru, wata ta fasa ɗanyen ƙwai, wata ta matso man goge baki, wata ta ja hijabin da ya manne har fata ta biyo. Ba a zuba ruwa ba sai a asibiti, wai kada ƙuna ta yi ruwa. Ƙuna tana ci gaba da cin nama bayan wuta ta mutu, ruwa mai sanyi ne ke tsayar da ita: a kwarara shi minti 20, na famfo ko na randa da buta, ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a yanke tufa a kewaye inda ya manne a bar na jikin, a rufe da tsumma mai tsabta marar gashi, a lulluɓe sauran jiki don sanyin hunturu. Ƙwai da manja da man goge baki suna riƙe zafi, suna kawo ƙwayoyin cuta, kuma sai an kankare su kafin likita ya ga zurfin ciwon. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko kowace ƙuna a jikin ƙaramin yaro, ta asibiti ce kai tsaye. A Gombe akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha.

Gyaran da aka yi wa kicin ɗin

Tukunyar da wuta ta taɓa ba a sake amfani da ita, ko da ta yi kyau a ido, don zafi ya riga ya taɓa ƙarfen da bawul. Wajen sayen sabuwa aka duba shekarar ƙira: ƙa'idar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, ita ce a sake gwada tukunya duk shekara 5, a yi ritayarta a shekara 15. Wadda gindinta ya yi tsatsa, ko ta lotsa, ko aka yi mata walda, ba a karɓa. Cikawa kuma a wurin da ke da lasisin NMDPRA, hukumar da ke kula da rarraba man fetur da gas, a kan sikeli, mai tukunya na kallo. Ana barin kusan kashi 15 zuwa 20 na cikin tukunya fanko da gangan don ruwan gas yana kumbura da zafi, saboda haka mai cikawa da ya yi maka gyara ya wuce kilo 12.5 ba alheri ya yi maka ba. A ɗauko ta a tsaye, ba a gangara ta, ba a barin ta a but ɗin mota cikin rana.

Sabuwar tukunyar an fitar da ita bayan bangon kicin, cikin keji na ƙarfe mai rufi da kwaɗo, a inuwa, nesa da makwarari da bakin rijiya, gas na shiga ta bututun tagulla da mai aikin gas ya ja. Inda haya ba ta ba da damar haka ba, a ajiye ta a tsaye a gefe, tazarar mita guda daga murhu, a inda hannu zai kai ga regileta ba tare da an ratsa ta kan wuta ba. An fasa bango daf da ƙasa aka sa bulo biyu masu huda da raga, aka cire kwalin taga. Firiza ta koma falo. An rataye bargon kashe wuta da gwangwanin hodar kashe wuta mai kilo 2 a bakin ƙofa daga waje, ba a kan murhu ba, inda wuta za ta tare hanya. Na'urar jin warin gas, ga mai hali, ƙasa ake kafa ta, kimanin santimita 30 daga daɓe.

Murhun ma an wanke kawunansa, aka bi hudojin da allura, domin harshensa ya daɗe yana ja yana baƙanta tukwane. Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce. Ja ko rawaya alama ce ta toshewa ko ƙarancin iska, kuma irin wannan wuta tana fitar da iskar kabon monoksaid marar wari, mai sa ciwon kai da jiri, har ta kashe mutum a rufaffen ɗaki. Don haka ba a jin ɗumi da murhun gas da hunturu, ba a kuma girki da ƙofa da taga duk a rufe.

Sauran sassa uku na gidan, da aka bi su da ruwan kumfa a makon, biyu an samu yoyo: ɗaya a bakin tiyo marar kilif, ɗaya a ƙaramar tukunya mai kilo 6 irin mai murhu a ka, wadda robar mahaɗarta ta gasu saboda faffaɗar tukunyar girkin da ake ɗora mata tana mai da zafi ƙasa.